Kwanan Daji a Hunturu: Darasin Batiri, GPS da Taswira Daga Masu Zamiyar Ƙanƙara

Duk wanda ya taɓa kwanan gadin lambu a watan Janairu, ko ya bi mafarauta daji, ko babur ya lalace masa da dare tsakanin Babban Mutum da wani ƙauye na ƙaramar hukumar Baure, ya san wannan abin takaici. An kwanta waya tana nuna caji kashi 30 cikin ɗari, da asuba an ɗauko ta za a kira gida, sai ta haska sau ɗaya ta mutu. Bayan rana ta ɗaga a sake kunna ta, sai ga caji kashi 20 ya dawo kamar rufa-ido. Wani ya ce wayar jabu ce, wani ya zargi mai gyara. Sau da yawa kuwa sanyi ne kawai ya yi aikinsa a kan batirin da ya fara tsufa.

A cikin gari wannan ƙaramar matsala ce, sai a miƙa wa mai caji. A daji, inda wayar ita ce tocila, ita ce agogo, ita ce taswira, ita ce kuma hanya ɗaya tilo ta sanar da gida cewa wani ya ji rauni ko mai ya ƙare, mutuwarta na iya zama mafarin musiba. Babban Mutum gari ne na kan iyaka, daga shi sai ƙasar Magarya ta Jamhuriyar Nijar, kuma hunturu shi ne lokacin da kwanan waje ke yawaita a yankin: an gama girbi, masu noman rani suna kwana a fadama, makiyaya sun matsa neman kiwo, mafarauta sun fita, fatake suna bin kasuwanni.

Mutanen da suka fi kowa nazarin halin na'ura a daren sanyi nesa da gari suna can wata duniya dabam, kan duwatsun da dusar ƙanƙara ke rufewa. Darasin yau zai aro abin da suka koya, ya auna shi da hunturun ƙasar Daura.

Masu zamiyar daji

Zamiyar ƙanƙara da aka saba gani a talabijin ana yin ta ne a wuraren da aka gyara, da kujerun lilo masu ɗaukar mutane zuwa saman dutse da ma'aikatan ceto a kusa. Akwai wasu kuma da ke barin waɗannan wurare su shiga cikin duwatsu da ƙafarsu. Suna manna wani ƙyalle mai gashi a ƙarƙashin dogayen katakan zamiyar, gashin ya kwanta ta fuska ɗaya, ta yadda katakon zai zame gaba amma ba zai koma baya ba. Da shi suke hawa. In sun kai sama sai su ɓare ƙyallen, su kulle dunduniyar takalmi, su gangaro. A da fatar wata dabbar teku ake amfani da ita, yanzu gashin akuyar angora ne ko nailan. Tafiyar da ta fi shahara ita ce wadda ake yi daga Chamonix ta Faransa zuwa Zermatt ta Suwizalan, kusan mako guda ana kwana a ɗakunan kan dutse. Ko a Afirka ana yi: a tsaunukan Atlas na Moroko, wajen Oukaïmeden da dutsen Toubkal mai tsayin mita 4,167.

A ƙarshen Afrilun 2018, guguwa ta rutsa da mutum 14 a yankin dutsen Pigne d'Arolla da ke kan waccan hanya ta Suwizalan. Sama da ƙasa suka zama fari fat, ba a ganin ko taku kaɗan gaba. Sun kwana a fili cikin iska, mutum 7 suka rasu. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne ɗakin da suke nema, mai suna Vignettes, bai fi 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda suka kwana ba.

Babu dusar ƙanƙara a Baure, amma akwai hazo. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, takan rufe gari har jiragen sama su kasa sauka a Kano. A dajin da babu dutse babu tudu, gawo ya yi kama da gawo, gona ta yi kama da gona, in hazo ya haɗu da duhu mutum na iya wuce bukkarsa da taku ɗari bai sani ba. Hatta tauraron arewa da ake dogara da shi ba ya da amfani sosai a irin wannan dare, domin a Daura bai fi digiri 13 sama da doron ƙasa ba, daidai inda ƙurar ta fi kauri.

Abin da sanyi ke yi wa batiri

Batirin waya na litiyam ne. Yana da ɓangarori biyu, a tsakaninsu akwai ruwan sinadari, ƙwayoyin litiyam suna ratsa wannan ruwa daga ɓangare ɗaya zuwa ɗaya, wutar da waya ke sha kuma daga wannan zirga-zirga take fitowa. Wanda ya taɓa ƙoƙarin zuba man shanu ko man ja da safiyar hunturu ya riga ya fahimci rabin bayanin. Sanyi yana rage wa ƙwayoyin sauri, sai turjiyar cikin batirin ta ƙaru. Cajin yana nan, fito da shi ne ya yi wuya.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Batiri cike yana da ƙarfin bolt 4.2 zuwa 4.4, in kuma ya sauka wajen bolt 3.4 yawancin wayoyi sukan kashe kansu don kare shi. A ɗauka batiri yana kan kashi 30, wato kusan bolt 3.7 ke nan in yana hutawa. An kunna sikirin, an danna kira, wayar ta ja wuta amfiya 1.5. Faɗuwar bolt ita ce yawan wutar da aka ja sau turjiya. In batirin sabo ne mai turjiyar om 0.1, faɗuwar 0.15 ce, saura 3.55, waya ta ci gaba da aiki. In tsoho ne kuma ya kwana cikin sanyi har turjiyarsa ta kai om 0.3, faɗuwar 0.45 ce, saura 3.25, nan take ta mutu. Lambobin misali ne, amma haka abin yake faruwa. Kashi 30 ɗin da aka gani a sikirin kuwa ƙiyasi ne da manhajar wayar ta yi, ba alkawari ba ne.

Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da haka ba. Daren Disamba da Janairu a ƙasar Daura yakan sauka ƙasa da digiri 15, wani lokacin ya kusanci 10. Wato sanyin nan bai isa ya kayar da lafiyayyen batiri ba. Wanda yake kayarwa shi ne batirin da ya shekara biyu ko uku yana shan zafin bazara, ana caja shi a rumfar mai caji cikin tarin wayoyi masu tururi. Zafi ne ya tsofar da shi, sanyi ya zo ya tona asirinsa. Saboda haka wayar da ta taɓa mutuwa a kashi 20 ko 30 ba abokiyar tafiyar daji ba ce, sai an canza mata batiri.

Maganin masu zamiya ba ya buƙatar ko kwabo: waya tana zama a aljihun ciki, kusa da fata, da dare kuma a shiga bargo da ita tare da fawa bank. Jikin mutum digiri 37 ne, ya fi kowace jaka. Abin da ba a yi shi ne ɗumama waya a bakin wuta ko kan kaskon gawayi, don zafi mai yawa yana kumbura batirin litiyam, yana ma iya kama wuta. Ga masu zuwa Agadas da tsaunukan Azbin ko hanyar Bilma, inda dare kan sauka kusa da sifili, akwai ƙarin ƙa'ida: ba a caja batirin da ya yi sanyi ƙasa da digiri 0. Litiyam ɗin yakan daskare a matsayin ƙarfe a jikin ɓangaren batirin maimakon ya shige ciki, kuma wannan lahani ba ya gyaruwa. A ɗumama shi da jiki tukuna.

Babban ɓarawon caji a daji shi ne neman sabis. Idan hasumiya ta yi nisa, waya tana ƙara ƙarfin sautinta kamar mai kwala kira daga gona, in ba a amsa ba ta sake, haka har asuba. A sa ta a yanayin jirgin sama, a riƙa buɗewa na minti biyar a lokutan da aka yi alkawari da mutanen gida. A rage hasken sikirin. Baƙin allo da ake yawan yabawa yana rage shan caji ne kawai a sikirin nau'in AMOLED. A wayoyi masu LCD, irin yawancin masu sauƙin kuɗi na Itel da Tecno, fitilar baya tana kunne ko allon fari ne ko baƙi.

Lissafin fawa bank

Rubutun 20,000mAh a jikin fawa bank yana ruɗar mutane da yawa. Sai a raba shi da 5,000mAh na waya a ce caji huɗu ke nan. Hanyar da ta fi daidai ita ce a mayar da komai zuwa wat-awa. Ƙwayoyin cikin fawa bank bolt 3.7 ne, don haka 20,000 sau 3.7 a raba da 1,000 ya ba da 74. Batirin waya mai 5,000mAh a bolt 3.85 kusan 19 ne. A takarda caji huɗu saura kaɗan. Amma fawa bank sai ya ɗaga wutar zuwa bolt 5 ko fiye kafin ta bi waya, ita kuma wayar ta sake saukar da ita, a kowane mataki wani kaso yana tafiya a matsayin zafi. Abin da ke isa batiri bai cika wuce kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari ba. Caji biyu da rabi zuwa uku shi ne abin da za a sa rai, in fawa bank ɗin na gaskiya ne.

Hanya mai sauƙi ta gane na ƙarya ita ce nauyi. Ƙwayoyin litiyam da za su riƙe wat-awa 74 sukan kai kusan giram 300, ban da kwanso. In an miƙo wani mai rubutun 30,000mAh amma bai fi ƙaramar waya nauyi ba, a mayar wa mai shago kayansa. Ɗan farantin sola da ake mannawa a bayan wasu kuwa ado ne ya fi yawa. In yana ba da wat ɗaya, sai ya sha awa 74 na cikakkiyar rana kafin ya cika, balle ranar hunturu da ƙura ta dushe ta. Igiyar caji kuma a ɗauki biyu, a gwada su a gida. Ramin cajin waya a toshe shi ko a sa wayar a leda mai zif, don ƙurar hunturu tana taruwa a ciki har kan igiya ya daina zama.

GPS ba ya cin data

Wannan shi ne wurin da aka fi samun rashin fahimta. Mutane da yawa suna zaton in babu sabis ko babu data, waya ba ta san inda take ba. Ta sani. Taurarin GPS na Amurka suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana, kowanne yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelar abu biyu: ga inda nake, ga ƙarfe nawa. Waya saurare kawai take yi, ba ta aika musu komai. Tana auna tsawon lokacin da saƙon kowane tauraro ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi nisa, tunda saƙon rediyo yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da kuskuren mita 300, agogon waya kuwa bai kai wannan daidaito ba. Shi ya sa ake buƙatar taurari huɗu a ƙalla: uku don wuri, na huɗu don gyara agogo. Wayoyin yanzu suna haɗawa da taurarin GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Hazo ba ya tare wannan saƙo, rufin kwano ne ke tare shi.

To me ya sa ɗigon shuɗi yake jinkirin fitowa in babu data? Domin kafin lissafi waya tana buƙatar jadawalin hanyar taurarin. In akwai intanet tana saukar da shi cikin ƙiftawar ido. In babu, sai ta jira taurarin su karanto mata shi da kansu, su kuma suna magana ne da saurin bit 50 a daƙiƙa, zagaye ɗaya na saƙon yana cin daƙiƙa 30. In wani abu ya gitta sai a jira zagaye na gaba. Don haka a tsaya a fili, a riƙe wayar sama ta kalli sararin sama, a ba ta minti biyu zuwa biyar. Kuma a buɗe taswira sau ɗaya kafin barin gari, yayin da data ke aiki, wannan yana rage jiran.

Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar da ɗigon zai zauna a kai. Ɗigo a kan farin allo ba ya kai kowa gida. Google Maps yana ba da damar saukar da yanki, sai dai abin da aka saukar ba ya ɗauke da hoton tauraron ɗan Adam, kuma jagorancinsa na hanyar mota ne kawai. Manhajojin OsmAnd da Organic Maps sun fi dacewa da daji, suna aiki da taswirar OpenStreetMap, ana saukar da yanki gaba ɗaya a waya. Mazaunin kan iyaka ya saukar da na Najeriya da na Nijar duka biyu, don ɗigon ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, a ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu waɗannan taswirori suna da giɓi. Burtali, rijiya, hanyar amalanke, mashigar rafi, da yawansu babu wanda ya zana. Saboda haka mafi amfanin taswira ita ce wadda matafiyi ya yi wa kansa. A kunna naɗar sawu tun daga bakin gari, manhajar za ta riƙa ajiye wuri da lokaci a fayil nau'in GPX, wanda rubutu ne zalla da ko matashin da ya fara koyon rubuta manhaja zai iya buɗewa ya karanta. A OsmAnd ana iya saita tazarar naɗar, daƙiƙa 30 ta isa ga mai tafiyar ƙafa. A kuma dasa alama a wurare uku: inda aka ajiye babur, inda aka ga ruwa, da wuri na ƙarshe da aka samu sabis. Wannan na ukun shi ne zinariya. In wani abu ya faru da tsakar dare, mutum ya san daidai inda zai koma ya yi kira, maimakon yawo cikin duhu yana ɗaga waya sama. Wanda kuma ya dawo da irin wannan fayil, zai iya ɗora hanyar a OpenStreetMap kyauta, na bayansa su amfana.

Aika wuri ta gajeren saƙo

Raba wuri ta WhatsApp yana buƙatar data. Gajeren saƙo na SMS kuwa yakan wuce ko da sandar sabis ɗaya ce take zuwa tana ɗaukewa. Don haka a koyi karanta lambobin wuri da rubuta su. Garin Daura, alal misali, yana kan 13.036, 8.318. Na farko nisa ne daga tsakiyar duniya zuwa arewa, na biyu zuwa gabas. Digiri ɗaya na arewa kusan kilomita 111 ne, wato lamba ta uku bayan ɗigo tana nufin kusan mita 111, ta huɗu mita 11, ta biyar mita ɗaya. Lambobi huɗu bayan ɗigo sun wadatar.

Kurakurai biyu ne ke ɓatar da mai nema. Na farko juya lambobin. Wanda ya rubuta 8.318, 13.036 ya tura masu ceto arewacin Kamaru. A yankin Daura babbar lamba ce a gaba. Na biyu haɗa tsarin digiri da minti da tsarin ɗigo. Digiri 12 da minti 50 ba 12.50 ba ne, 12.833 ne, tsakaninsu akwai kusan kilomita 37. A saita manhajar kowa a tsarin ɗigo tun a gida.

Akwai wani abu da masu rubuta manhaja suka sani wanda sauran jama'a ba su cika lura ba. Saƙon SMS ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ, ɗ ko ɓ, ko alamar digiri, ko ɗan hoton murmushi, wayar tana canza tsarin rubutun, iyakar ta koma 70. Saƙon sai ya rabu biyu ko uku, a sabis mai rauni kuma wani ɓangaren na iya maƙalewa. A saƙon gaggawa a ajiye ƙa'idar rubutu gefe: lambobin wuri a farko, sannan mutum nawa, me ya faru, me ake buƙata.

A kusa da iyaka waya na iya kama hasumiyar Nijar. A ajiye lambobin gida da +234 a gaba, na Nijar da +227, a kuma tabbatar akwai kuɗin kira a layi, ba data kaɗai ba, don saƙo daga can ya fi tsada. Lambar gaggawa ta Najeriya 112 ce, amma ita ma sai da hasumiya. Kuma hasumiya na iya yin shiru: a watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Ƙasar Daura ba ta cikinsu, amma darasin ya shafi kowa.

Na'urar da ba ta aiki sai da aboki

Babban abin tsoron masu zamiyar daji shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara, wadda ke binne mutum cikin daƙiƙoƙi. Kowannensu yana ɗaure da wata 'yar na'ura a ƙirji mai fitar da sigina a zangon kilohaz 457, zangon da aka amince da shi tun 1986 don na'urar kowane kamfani ta ji ta ɗan'uwanta. In an binne ɗaya, sauran sai su juya nasu zuwa nema, su bi siginar, su soka doguwar sanda, su haƙa da shebur. Mafi yawan waɗanda aka tono cikin minti 15 na farko suna rayuwa, bayan nan damar tana raguwa da sauri. Jirgi mai saukar ungulu ba ya isowa a wannan lokaci, abokin tafiya ne kaɗai ke kusa. Shi ya sa kafin su bar bakin hanya jagora yake tsayawa, kowa ya wuce ta gabansa ana gwada na'urarsa.

Wannan ɗabi'a ta gwaji ita ce abin ara. Kafin ayari ya bar gari, kowa ya nuna cajinsa, kowa ya buɗe taswira a yanayin jirgin sama a ga tana buɗewa, kowa ya aika wa na kusa da shi lambobin wurin da suke tsaye. Minti biyar ne. In mutum ɗaya ne ya iya, kuma shi ne ya faɗi, ilimin ya faɗi tare da shi. Ƙaramar waya mai madannai, wadda ke yin kwanaki ba caji, ta zauna a kashe a jakar wani da layin kamfani dabam.

Masu zamiya suna nisanta waya da waccan na'ura da santimita 20 a ƙalla, in ana nema kuma 50, don kayan lantarki suna rikita ta. Haka abin yake ga kamfas ɗin waya: tankin babur, adda, ko maganaɗisun murfin waya suna karkatar da shi. A matsa daga ƙarfe, a juya wayar a iska kamar ana zana lamba 8, sannan a yarda da ita. 'Yan na'urorin bibiya irin AirTag kuwa ba su da amfani a nan, don sun dogara ne da wayoyin mutanen da ke wucewa kusa.

Wayar tauraron ɗan Adam irin Thuraya, da na'urorin saƙo irin inReach na Garmin, suna aiki inda babu hasumiya, amma da tsada, ga kuma batun tsaro: a 2013 sojoji sun haramta amfani da Thuraya a jihar Borno, kuma har yanzu wanda aka gani da ita a daji zai sha tambayoyi. Kiran gaggawa ta tauraro da Apple ya fara da iPhone 14 a 2022 an buɗe shi ne a Amurka da Kanada sannan wasu ƙasashe. Kada mai wannan waya ya ɗauka zai yi masa aiki a Baure.

Gawayi, ƙasa da tocila

Sanyi na sa a shigar da kaskon gawayi bukka a toshe ƙofa. Masu zamiya ma suna faɗa wa wannan tarko in sun yi girki cikin tanti a rufe. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta sau fiye da 200 a kan iskar numfashi. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamun farko, mai barci kuwa ba ya jin su. Babu manhajar da ke gano ta, domin waya ba ta da ma'aunin wannan iska. Duk wadda ta yi iƙirarin haka talla take nema. Akwai ƙaramar na'urar ƙararrawa mai batiri da aka yi don haka. In babu ita, wuta ta kwana a waje.

Ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki, shi ya sa masu kwana kan ƙanƙara suke damuwa da abin shimfiɗa kamar yadda suke damuwa da bargo. Tabarmar roba kaɗai ba ta isa ba, a shimfiɗa karan dawa, ciyawa ko kwali a ƙarƙashinta. Rigar da aka yi gumi a cikinta a canza ta kafin kwanciya. Tocila kuma ta zama dabam da waya, mai ɗaurawa a goshi ta fi, da batiran canji. Fitilar waya ta awa ɗaya caji ne da aka cire daga kiran asuba.

Saƙon da ake bari a gida

Ayarin gishiri da ke ratsa sama da kilomita 500 daga Azbin zuwa Bilma a lokacin sanyi ya daɗe yana yi ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori ba, amma yana da madugu, kuma na gida sun san hanyar da kwanakin da take ci. Inda aka rasa wannan, abin ya yi muni. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga ƙasar Kance da ke maƙwabtaka da Daura, bayan motocinsu sun lalace ruwa ya ƙare.

Masu zamiyar daji suna barin takarda ga wani amintacce kafin su fita, kuma abin da ke cikinta ya dace da mai kwanan fadama ko farauta ba tare da an canza komai ba. Sunayen matafiya da lambobinsu. Hanyar da za a bi, da lambobin wurin kwana in an san shi. Lokutan da za a buɗe waya, misali bayan Isha'i da bayan Asuba. Sai abu mafi muhimmanci, wato sa'ar da in ta wuce ba a ji komai ba a fara nema, da sunan wanda za a fara sanarwa, ko mai unguwa ne ko shugaban mafarauta ko 'yan sintiri. Sa'ar ta zama takamaimiya, kamar ƙarfe 10 na safiyar Talata, domin "in kun ji shiru" kowa da yadda yake fassara ta, uwa za ta tashi hankali tun dare, wa kuma ya ce a bari sai jibi. A rubuta wannan a takarda a miƙa hannu da hannu, a kuma tura kwafi ta saƙo ga mutum na biyu wanda yake da babur da mai a tanki.